Katin Baba Mai Sikeli

Saura kwana huɗu wa'adin Abba ya cika, Auta ta ci karo da sunan mamaci a takardar albashi.

Wa'adin kuwa na aurenta ne. Abba, mahaifinta, ya ce ƙarshen wata zai raba gardama tsakanin mutum biyun da ke nemanta: Akanta, shugabanta a ofishin albashi na kamfanin sabulu, da Dogo, bakaniken da ke gyaran injinan kamfanin a ƙasan bene. Umma da Gwaggo sun daɗe da zaɓar nasu. Akanta na da mota, ga turare tun daga bakin ƙofa. Dogo kuwa babur ne da shi wanda sai an tura yake tashi, ga farce baƙi ƙirin saboda man inji. Amma kun san halin zuciya. Ta Auta ta sauka can ƙasa wajen mai baƙin farcen nan, an yi an yi ta hawo, ta ƙi.

Abba bai taɓa zancen mota ba. Magana ɗaya ya yi, bai kuma ƙara ba: "Ni dai wanda ba ya cin abin da ba nasa ba, shi zan ba 'yata."

Sati uku ke nan da aka dawo da Auta ofishin albashi daga ɗakin buga takardu. Aikinta shi ne ta bi sunan ma'aikata ɗari huɗu da 'yan kai, ta haɗa kowa da kwanakin da ya zo aiki. Akwai wani inji a bakin ƙofar kamfanin, kowa ya zo da safe sai ya manna katinsa, injin ya yi ƙara, ya rubuta lokacin. Da wannan ake biyan mutane.

Tana cikin bin jerin sunayen sai hoto ya tsayar da ita. Tsoho ne mai farin gemu, hula a karkace, yana murmushin da ta sani sarai. Baba Mai Sikeli ne, mahaifin Dogo, wanda ya yi shekara ashirin da shida yana auna buhunan kamfanin. Wata bakwai da suka wuce ta je gaisuwar rasuwarsa. Ita ce ma ta wanke kofunan baƙi a ranar.

Takarda ta ce yau ma ya zo aiki, bakwai saura minti takwas. Jiya ma ya zo. Shekaranjiya ma haka. Albashinsa kuma bai taɓa tsayawa ba.

Ta nemo layin Dogo. Bakwai saura minti takwas. Ta duba jiya, ta duba watan jiya. Kullum uba da ɗa minti ɗaya suke shigowa.

"Auta, lafiya na ga fuskarki ta yi haka?"

Akanta ne tsaye a kanta, yana kaɗa makullin mota a yatsa. Ta yi maza ta juya shafin.

"Ba komai, Yallaɓai."

"Yallaɓai kuma? To, ki ta faɗa, kwana huɗu ya rage miki." Ya yi dariya shi kaɗai. "Gobe da safe nake son takardar nan a teburina in sa hannu."

Ana tashi hutun rana ta sauka ƙasa. Ta sami Dogo kwance ƙarƙashin injin yanka sabulu, ƙafafu kawai ake gani. Ta taɓa takalminsa da nata.

Ya zamo waje yana washe baki. "A'a, yau 'yan sama ne a ƙasa? Ki yi a hankali, mai zai ɓata miki siket."

"Zo nan."

Yadda ta faɗa ya sa murmushin ya ɗauke. Ya biyo ta bayan durom-durom ɗin mai, inda ƙarar inji ba ta kai sosai.

"Dogo, ina katin Baba?"

Ya dube ta. Sai ya goge hannu a wando, ya zaro walat daga aljihun baya, ya buɗe. Kati biyu ne manne da juna, nasa a gaba, na tsohon a baya.

"Tun ranar da muka dawo daga maƙabarta yake nan," ya ce. "A aljihun rigarsa na same shi. Ba mu da wani hotonsa mai kyau sai wannan."

"In ka zo da safe, katinka kake fitarwa?"

"Ina! Da wannan hannun? Walat ɗin nake mannawa in wuce."

"Sau nawa injin yake ƙara?"

"Biyu mana. Ai har tsokanata ake yi, wai na'urar ƙofa ma sona take, kowa gaisuwa ɗaya, ni biyu..."

Bai ƙarasa ba. Ya dubi walat ɗin, ya dube ta. Ta ga lokacin da abin ya sauka masa, don sai da ya dafa durom.

"Kuɗin da ke shigar wa Innarku duk wata," ta ce a hankali, "albashinsa ne, Dogo. A takardarmu Baba bai rasu ba."

"A'a, a'a. Haƙƙinsa ne. Shugaban sashenmu na da, kafin a canza masa wajen aiki, shi ya karɓi takardar asibiti ya ce zai kai sama. Wata na ƙarewa muka ga kuɗi, muka ce kaɗan-kaɗan za su riƙa biya. Wallahi, Auta, wallahi..."

"Na sani. Ba sai ka rantse min ba."

"To wa zai yarda in ba ke ba? Wata bakwai ina shigar da mamaci aiki, kuɗin na zuwa gidanmu! Mutumin naki na sama dama jira yake." Ya matso, muryarsa ta yi ƙasa. "Ki goge layin. Yau ɗin nan zan cire katin in ajiye a gida. Shi ke nan, magana ta mutu."

Hawaye suka cika idonta. "Kai ba ka sani ba, Inna ba ta sani ba. Ni na sani. In na goge, ni kaɗai ce ɓarauniya a cikinmu."

"To kada ki goge. Ki bari kawai. Kwana huɗu, Auta. Abba ya yi maganarsa tukuna, sannan ni da kaina in hau sama in faɗa. Shekara biyu muna jira, kwana huɗu ne zai gagare ki?"

Nan ne fa ya taɓa ta inda yake da ciwo. Kwana huɗu ba komai ba ne. Tun safe ita ma zuciyarta take raya mata hakan.

"Gobe za a sa hannu," ta ce, hawayen na zuba. "Albashi na takwas zai fita, kuma ta hannuna. Sannan Abba ya ba ka ni a kan abin da muka rufe masa. Duk ranar da ya yabe ka a gabana, ina zan sa fuskata?"

"Ashe fuskarki ta fi ni."

"Kada ka faɗi haka."

"To me zan ce? In aka kore ni da sunan sata, Umma sai ta yi rawa. Ki je ki kai ni, Auta. Ki kai ni, ki huta da tura babur."

Ya juya zai tafi. Ta riƙe hannun rigarsa, ba ta damu da man ba.

"Ba ofis zan fara zuwa ba. Wajen Inna za ni."

Da yamma ta sami Inna a tsakar gida tana goge kayan makarantar ƙanwar Dogo. Tsohuwar ta tare ta da fara'a, ta jawo mata kujera, ta ce ai 'yar ofis ba ta zama a ƙasa. Auta ta ƙi kujerar, ta durƙusa kusa da teburin guga, ta faɗi komai tun daga hoton har zuwa ƙarar inji sau biyu.

Inna ta ajiye dutsen guga a tsaye. Fara'ar ta tafi.

"Ikon Allah. Ke da ko shigowa gidan ba ki yi ba, har kin fara ƙirga mana abin da muke ci?"

"Inna, ki yi haƙuri..."

"Da kuɗin nan nake biyan makarantar yarinyar can. Da shi nake sayen maganin ƙafata. Kamfanin da ya shanye ƙarfin mijina shekara ashirin da shida, ɗan abin nan ne zai talauta shi? Ko dai mai motar ne ya aiko ki?"

Auta ta fashe da kuka. Ba ta kare kanta ba. Da kukan ya lafa sai ta ce, "Inna, a takardarmu yau ma Baba ya zo aiki. An rubuta ya yi awo tun safe har yamma. Gobe ma za a rubuta."

Inna ta tsaya cak.

"An rubuta ya yi awo?"

"Kullum, Inna. Da sunansa da hotonsa."

Tsohuwar ta lalubi kujerar da ta jawo wa Auta, ta zauna. Ta daɗe tana kallon rigar makarantar da ke kan tebur.

"Ranar da na haifi Dogo," ta ce, "tsakar rana aka je wajen aiki aka kira babansa. Ƙarshen wata ya ga an biya shi yinin cif. Kin san mutumin nan sai da ya koma ya mayar da rabin? Na yi masa faɗa har na gaji. Na ce jariri ko riga ba shi da ita. Ya ce mai sikeli in ya ci rabin yini, gobe rabin buhu zai ci." Ta share ido da bakin mayafi. "Ni kuwa duk wata sai na cire wani abu daga kuɗin nan na yi masa sadaka. Ashe da kuɗin mutane nake yi masa. Wayyo, Malam, ka yafe min."

Suka yi kukansu tare, har dutsen guga ya huce.

Can Inna ta face hanci ta ce, "Tashi, gwiwarki za ta yi ciwo. Manajar taku ƙarfe nawa take zuwa?"

Washegari ƙarfe takwas Auta ta ajiye takardar a teburin Akanta, ta zagaye layin da jan biro. Ya karanta, ya sake karantawa. Murmushi ya fara daga gefen bakinsa.

"Kai, kai, kai. Bakanikenmu? Allah sarki." Ya miƙe yana gyara wuyan riga. "Kin kyauta, Auta. Bari in kai wa Manaja da kaina."

Ta bi shi a baya. Yana tura ƙofar ofishin ya tsaya turus. Inna na zaune a ciki da mayafinta mai kyau, Dogo tsaye a bayanta ya wanke hannu har ya yi ja, walat ɗin kuma na kan teburin Manaja.

Manaja dattijuwa ce mai tabarau a ƙarshen hanci, ba ta son doguwar magana. Ta bar Akanta ya yi tasa. Ya kuwa yi: ya ce zamba ce, ya ce an tsara ta, ya ce a kira hukuma. Dogo bai ɗago kai ba.

Da ya gama ta ɗauki walat ɗin ta ce, "Ku biyo ni."

Suka sauka har bakin ƙofa. Ta manna walat ɗin a jikin injin. Ya yi ƙara, ya sake yi. Mai gadi ya leƙo daga ɗakinsa yana dariya.

"Ranki ya daɗe, ke ma na'urar ta fara sonki? Ai Dogo kaɗai take yi wa biyu."

"Tun yaushe?"

"An daɗe. Kowa ya sani, kullum sai an tsokane shi."

Manaja ta dubi Akanta ta saman tabarau. "Ɓarawon da kowa ke jin ƙarar satarsa kullum safe, yana kuma dariya tare da su. Ka taɓa ganin irinsa?" Ba ta jira amsa ba. "Wata bakwai wa ke sa hannu a takardar albashi?"

Makullin motar ya daina kaɗawa a yatsan Akanta.

Suka koma sama. Manaja ta ce da Dogo kati kayan kamfani ne, bai kamata ya riƙe ba, don haka an dakatar da shi sati ɗaya babu biya. Ta ce da Inna albashin wata bakwai sai ya dawo. Amma haƙƙin marigayin ko fara lissafa shi ba a yi ba, tunda ba a biyan haƙƙin rasuwa ga mutumin da ke zuwa aiki kullum. Yau za a rubuta rasuwar, a lissafa, a cire wata bakwai ɗin daga ciki.

"Ban san abin da zai saura ba, Mama, kuma zai ɗauki lokaci. Wannan watan babu abin da zai shigo miki."

"Ku cire, ko da ba abin da zai saura," in ji Inna. "Ni dai a daina rubuta masa aikin da bai yi ba." Ta dubi walat ɗin. "Sai dai katin, 'yata. Ba mu da wani hoton."

Manaja ta jawo abin huda takarda, ta huda katin a gefe, nesa da fuskar tsohon, ta miƙa mata da hannu biyu.

A kan matattakala Dogo ya tsaya kusa da Auta, bai iya kallonta ba.

"Maganar da na faɗa miki jiya..."

"Wacce daga ciki? Ta tura babur?"

"Duka."

"Za ka biya. Ka tafi ka kai Inna gida."

Auta ta ɗauka ta gama da tashin hankalin ranar. Amma da ta shawo kwanar gidansu da yamma, motar Akanta ce a ƙofa.

Tun daga soro take jin muryar Gwaggo. "Ba na faɗa ba? Ba na faɗa muku ba? Mutumin da ko mamaci bai bari ba!"

A falo Akanta na zaune a kujerar baƙi. Umma ta zabga tagumi. Abba na gefe da tsohuwar rediyonsa a cinya, ya kwance bayanta yana tsintar wayoyi, kamar ba da shi ake ba.

Umma ta taso mata. "Ke, ashe an dakatar da shi? Kin ga abin da kika so ki jawo mana? Da yanzu sunanmu na bakin mutane!"

"Umma, ki bari in yi bayani..."

"Bayanin me?" in ji Gwaggo. "Kuɗi sun shiga gidansu ko ba su shiga ba?"

"Sun shiga."

"To!"

Abba ya hura ƙura daga cikin rediyon. Ba tare da ya ɗago ba ya ce, "Malam Akanta, wa ya gano abin?"

"To, Abba, ofishinmu ne ya..."

"Wa?"

"Ita ce."

"Sati nawa ta yi a ofishin?"

"Uku."

"Kai fa?"

Akanta ya gyara zama. "Shekara shida."

"Madalla. Da ka kai wa Manaja maganar, wa ka tarar a can?"

Gwaggo ta buɗe baki, Abba ya ɗaga sukundireba, ta rufe.

"Shi da mahaifiyarsa," Akanta ya ce da ƙyar.

Sai a lokacin Abba ya dubi 'yarsa. "Auta, bai roƙe ki ki rufa masa asiri ba?"

Ƙarya ɗaya ƙarama kawai za ta yi, ta wuce wajen. Ta ji idon Umma, ta ji na Akanta.

"Ya roƙe ni, Abba. Ya ce in bari sai ka yi magana tukuna."

"Kun ji ko!" Gwaggo ta tafa hannu.

"Kika ce masa me?"

"Na ƙi. Ya yi fushi ya tafi. Da safe kuma ya riga ni zuwa."

Abba ya gyaɗa kai a hankali. Ya mayar da murfin rediyon, ya ɗaure ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, kowa na jira. Ya murɗa. Ta yi tari, ta kama magana. Ya kashe.

"Tsoro kowa na ji," ya ce. "Ni abin da mutum ya yi bayan ya kwana da tsoron nake dubawa. Malam Akanta, mun gode da ziyara, a gaida gida."

Bayan ƙarar motar ta yi nisa, Umma ta ce cikin sanyin murya, "Amma Malam, sati guda fa ba shi da albashi. Uwarsa ma wannan watan ba ta da komai."

"To sai ki auna musu wani abu daga cikin namu, Auta ta kai. Ai an kusa zama ɗaya." Ya juyo ga 'yarsa, wadda ta toshe baki da mayafi tana kuka tana dariya. "Ki ce masa tunda yanzu ba shi da aikin yi, ya turo manyansa jibi. Kuma ya gyara babur ɗin nan kafin ranar. Bayana ba zai iya turi ba."